Na Je Geceme Neman Zagi

Mun tashi da asuba daga Dogondutsi, ni da ɗiyar ƙanena da wata farar kujerar roba. Kujerar ta fi ni daraja a tafiyar nan, don ita aka fara nema wa wuri a mota, ni kuwa aka ce in matsa.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni, tunda wasunku sun ga rumfata ta gyaran rediyo a rufe har sun fara tambayar ko na riga mu gidan gaskiya. Yarinyar nan ta yi karatun lafiya a Yamai, ta gama, sai aka ba ta wani tallafi da suke kira bursu, irin wanda ake ba masu fara bincike. Nata binciken a kan tafiyar tsofaffi ne, yadda suke tashi, yadda suke taka ƙasa, da abin da ke samun ƙafa idan gigin tsufa ya kama kai. Na ce mata ashe akwai masu biya a kalli tsoho yana tafiya, ni shekara da shekaru ina yi ba wanda ya ba ni ko ɓarin goro. Lekol ɗina, wato boko, bai yi nisa ba, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, saboda haka ba ilimina aka ɗauka ba. Furfurata aka ɗauka. Dattijon ƙauye ba zai miƙe ya yi tafiya gaban yarinya don ta ce ba, sai ya ga sa'ansa ya fara zubar da nasa girman.

Amma abin da ya sa na yarda daban ne. Hanyar za ta ƙare a Geceme, can kuwa akwai Bafillacena. Tun muna samari yake kawo mini rediyonsa ranar kasuwa, bai taɓa biyana da komai ba sai zagi da ƙwaryar nono. Ni Ba'are ne, kun san kuwa Ba'are da Bafillace taubasai ne, ban taɓa yi masa gaisuwar kirki ba, shi ma bai taɓa yi mini ba. An ce gigi ya kama shi, ba ya gane kowa har 'ya'yansa. Ina son in gani da idona ko ni ma na fita daga kansa.

Daga Dutsi zuwa Kore Mairuwa kwalta ce, ba ta da laifi in ka yafe mata ramukanta. Kaka ce, an yanke hatsi, dammuna jingine bakin rumbuna, amalanke na ta kwasa. A shinge jandarma ya duba takarduna, ya dubi kujera, ya tambayi ta wa ce. Na ce amaryata ce. Bai yi dariya ba, amma ya bar mu.

A Kore Mairuwa muka karya da masa da koko. Masar ta ƙanƙance, mai tuya ta ce in tambayi mai, mai man kuma na san zai ce in tambayi hanya. A nan yarinyar ta fara aiki, a inuwar gidan wani dattijo da ya tara mana sa'o'insa. Sai ta zauna ta yi bayani, ta nemi yardar mutum da ta iyalinsa, sa'annan ta shimfiɗa igiyar awo a ƙasa. Tsoho ya zauna a kujera, ya miƙe, ya je ƙarshen igiya, ya juyo, ya zauna, ita tana duba agogon salularta. Daga nan ya sake, amma wannan karon yana tafe yana kiran sunayen kasuwannin da ya sani. Wani ya kira biyu, ya tsaya cak yana neman ta uku, ƙafarsa ɗaya a gaba. Ta ce mini irin wannan tsayuwar take nema, lokacin da kai ya kasa riƙe magana da ƙafa tare. Na zagaya bayan katanga kamar mai kama ruwa, na gwada ni kaɗai. Ba zan gaya muku abin da na gani ba.

Abin da na lura da shi, gidajen duk tsofaffi ne da mata da yara. Samari da an gama girbi sun kama hanyar cirani. Tsohon da ƙafarsa ta ƙi, ba mai kai shi ko masallacin ƙofar gida.

Daga nan muka bar kwalta muka hau kabu-kabu, ita da jakarta a ɗaya, ni da kujera a ɗaya. Masu babur sun ƙara kuɗi, sun ce isansi ne, wato fetur, ya yi tsada. Birjin Tibiri ya gaisa da kowane ƙashi a jikina ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai fadamar da muka ratsa ce, kore shar, rake tsaye ya fi ni tsawo. Na sayi sanda ɗaya, na manta haƙoran da zan sha da su suna Dutsi cikin ƙasa tun tuni. Mai babur ya shanye.

A Dumega na yi abin kunyata. Tsofaffin mata sun taru, sun fi na ko'ina yawa, yarinyar har tana murna. Iska ta yi ta ɗaga igiyar awon, ni kuma mai son a ce ya yi amfani, na fizgi kara daga dannin gida, na durƙusa ina awon ƙasa da shi gaban tsohuwar da ke kan kujera. Ba ku buƙatar in gaya muku wa ake yi wa awo da kara. Tsohuwar ta dube ni, ta dubi karan.

"Malam, tun ban mutu ba?"

Kafin in buɗe baki wurin ya watse. Wadda aka kawo riƙe da hannu ta riga kowa kai ƙofa. Yarinyar ta zauna kan kujerar da kanta, ta dafe kai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kawai, "Baba, masu bursun nan lokaci suka ba ni, ba su ba ni ƙari ba." Muka yini gida gida ina ba da haƙuri, aka ci ni tarar goro, wasu suka dawo, wasu suka ce ko da mota aka zo. Kwaɗon zogalen da aka ba mu da yamma ya yi daɗi, amma kai a sunkuye na ci shi.

Washegari muka shiga Geceme da hantsi, gwiwata ta kumbura, wuyana ya ƙage. Na ce a fara kai ni gidan da na zo dominsa. Ba a ruga yake ba yanzu. Ƙaramin ɗansa, mai shago a bakin kasuwa, irin samarin nan masu ɗage wando da tsare sunna, ya ɗauko shi ya ajiye a gari. Yaron kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce mana tsohon kullum da safe sai ya kama daji neman shanun da aka daɗe da sayarwa, sau da yawa sai an bi sawu. Wasu dangi suka ce doguwa ce ke kiransa, a nemi 'yan bori masu girka. Shi ya ƙi, ya sa ƙofa ya rufe. Tsohon ya yi ta bugu har ya daina. Yanzu ko an buɗe ba ya tashi.

Na same shi zaune a tabarma, an yi masa wanka, an sa masa riga mai tsabta. Mutumin da ya taka ƙasa daga nan har inda ruwa ya tsaya, ƙafafunsa miƙe gabansa kamar na wani aka ba shi ajiya. Ganinsa haka ya sa zagin ya gagare ni. Na durƙusa, na yi masa sallama, na tambayi jiki, na tambayi gajiya, na yi masa addu'a. Ya amsa da amin yana kallon bango. Na faɗi sunana. Na faɗi Dutsi, na faɗi rediyo. Ya ce amin.

Na fito tsakar gida na zauna. In da akwai mota a ƙofar gidan da na shiga ko ba kujera.

Yarinyar ta biyo ni. Ta ce, "Baba, da can haka kuke gaisawa?"

Na ce a'a.

"To yaya kuke yi?"

Na ce da zagi, ni in kira shi bawana, shi ma ya rama. Na dubi ɗan, ya gane, ya ce shi dai ba ya son a kira musulmi bawa, kuma ubansa ba shi da lafiya. Ta ce masa ba magani ba ne, ba ta yi alkawarin komai ba, amma mutum kan manta suna bai manta abin da ya saba ba. Sai ya matsa daga bakin ƙofa.

Na koma, ban durƙusa ba. Na ce, "Kai bawana, ubangidanka ya shigo kana zaune? An ba ka ɗaki da ƙofa ka ɗauka ka zama mutum. Ina nonon da ka cika wa ruwa?"

Kansa ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallon fuskata, ya miƙo hannu ya bi tsagata da yatsa, daga baki har kunne.

"Ba'are," in ji shi. "Wa ya bar Ba'are ya shigo gida da takalmi?"

Na ce gidan bawana ne, in shiga yadda na so. Na ga sandarsa ta kiwo jingine a kusurwa, na ɗauke, na ce tunda ba shanu ni zan kai ta murhu. Ya dafa bango. Ɗan ya zabura zai kama shi, yarinyar ta riƙe masa hannun riga. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya biyo ni. Ina ja da baya yana tahowa, yana kirana mai cin wake, ɗan masu bori, ɓarawon sanda. Ni gurgu, shi gurgu, muka ratsa tsakar gida har gindin darbejiya. Can na ba shi sandar, ya ɗan sauke mini ita a kafaɗa, muka zube kan benci muna haki.

Na ce to, yanzu faɗi sunan ubangidanka.

Ya dube ni da kyau. Ya ce, "Ban san ka ba. Amma ina da bawa a Dutsi, mai ɓata rediyo. Ya fi ka muni. In ka gan shi ka ce ya daɗe bai zo gaisuwa ba."

Na ce zan gaya masa.

Yarinyar ba ta duba agogo ba, ta ce wannan tafiyar ba ta cikin aikinta. Ta zauna da ɗan ta daɗe tana yi masa bayani, cewa zaman ɗaka na cinye ƙafa, a riƙa fita da shi da safe wani na gefensa, ko zuwa inda ake shayar da dabbobi ne. Ya ce zai gwada. Da zai raka mu, kansa a ƙasa, ya tambaye ni ko zan riƙa zuwa. Na ce gwiwata za ta yanke wannan shari'a.

Sauran aikin Geceme ya tafi lafiya, ban ƙara taɓa kara ba. Dawowa ba ni da abin faɗi, birjin nan ne dai, sai dai yanzu ya san inda ke mini ciwo. Mun iso Dutsi bayan la'asar, na kwanta da takalmi.

Abin da na koyo bai da yawa, kaina ba ya ɗaukar da yawa. Masu ba da bursu sun yi daidai, a ba yaran nan su duba ƙafafunmu tun muna iya ɗaga su. Ladabi kuma yana da kyau, amma na ga yadda yake zaunar da mutum. Na tara 'ya'yana na ce musu ranar da nawa gigin ya zo, kada su rufe ni a ɗaka suna yi mini sannu, su nemo Bafillace mai baki ya zo ya ci mutuncina. Babbansu ya ce to Baba, wanne za mu kira? Na fara lissafa nawa, na ga wanda ya rage mini shi ne na baro a Geceme.