Inna Zumreta da Teburin Maƙwabciyarta

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Fabrairu, 1999, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Inna Zumreta Beshliya, mai sayar da kabeji mai tsami a layi na huɗu cikin kasuwarmu ta nan Sarajevo, a ƙasar Bosniya. Shekarunta saba'in da ɗaya. Ni ne Senad, ma'aikacin ofishin kasuwa mai raba wa 'yan kasuwa tebura. Na daɗe ina rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi, kuma daga cikinsa na ɗauko kwanakin da zan ambata. Sauran kuwa, ban tabbata na iya faɗinsa daidai ba.

Inna, kin san dokarmu: teburin da ya kwana uku babu kaya a kai, a ba wani. Ranar 4 ga Afrilu, 1992, Radoyka mai cuku, wadda kuka yi shekara ashirin da biyu tebur na jingine da tebur, ta cire mayafin aikinta ta ce, "Zumra, duba min teburi, zan leƙa gida in dawo." Gidanta yana ƙetaren kogi. Yaƙi ya ɓarke, cikin 'yan makonni kogin ya zama iyaka tsakanin ɓangarorin biyu, babu mai zuwa, babu mai dawowa.

Tun daga ranar ba ki bar teburin nan ya kwana uku babu kaya ba. Da farko rabin kabejinki kike ɗorawa. Da kabeji ya ƙare a gari, sai ganyen da kike tsinkowa a bakin maƙabarta. Na rubuta ranar da albasa ɗaya tak ce a kai, da ranar da na tarar da takalmin marigayi mijinki. Na ce, "Inna, wannan ai ba kayan sayarwa ba ne." Kika ce, "To saya mana, sarkin rubutu, ka ga ko ba zan ba ka ba. Ƙafarka ce dai ta yi masa kaɗan."

A hunturun farko mutane suka riƙa kwashe teburan katako suna hura wuta. Naki kika bari aka ɗauka, kika hau na Radoyka kika zauna; sai bayan yaƙi aka maye miki naki. Ranar da bam ya faɗo cikin kasuwa, mun kwashi mutanen da muka sani da suna a kan ƙyauren rumfuna. Washegari ina tsammanin ba zan ga kowa ba. Na same ki da bokiti da tsumma kina wanke teburin. Kika miƙo min kofin ruwan gasasshiyar shinkafa, irin wanda muke sha a madadin gahawa, na sha a tsaye.

Ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Ranar 21 ga Maris, 1996, da aka buɗe gadar kogin, kin aike ni in nemo miki Radoyka, domin gwiwarki ba ta iya tafiyar. Na sami gidan. A jikin ƙofar akwai takardar sanarwar mutuwa mai baƙin gefe, ruwa ya cinye rabinta, amma sunan da hoton suna nan. Tun Janairun 1994 ta rasu. Na dawo na same ki kin jera barkono a teburinta, kin ɗaura sabon ɗankwali. Na ce miki maƙwabta sun ce ta tafi wajen dangi.

Kika ce, "Ka ji shashashar! Ko wasiƙa. Bari ta dawo, sai ta ji bakina."

Sau goma sha ɗaya na rubuta a littafina cewa gobe zan faɗa miki. Na riƙa gaya wa kaina tausayinki nake ji, kada in raba ki da abin da ke tashe ki da safe. Yanzu ina zargin kaina ne na tausaya wa. Matata da ɗiyata suna Sweden, ba su da niyyar dawowa, kuma a duk garin nan tsakanin teburan nan biyu kaɗai ake ajiye min kujera. Na ji tsoron in kin daina jira za ki daina fitowa. Na hana ki yi mata kuka, na bar ki kina fushi da matar da ba ta yi miki laifi ba.

Yau kwana uku babu kaya a kan teburan. Akwai wata mata da yaƙi ya koro daga gabas, tana saƙa safa, shekara biyu tana sayarwa a tsaye bakin ƙofa. Gobe zan ba ta na Radoyka. Da na yi magana, da ta daɗe da zama.

Allah Ya ji ƙan ki, Inna Zumreta, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan amanar da kika riƙe. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗiyarki Amela da jikokinki, da duk mutanen layi na huɗu. Allah Ya ba ku haƙuri.

Ta'aziyyar Radoyka kuwa, ban san kowa nata da zan yi wa ba sai ke, kuma na makara da kusan shekara uku. Ta rasu, Inna. Ba mantawa ta yi da ke ba. Ki yafe min.