Waɗanda Umma Ta Ɓata

Babana mai gyaran kwamfuta ne, amma da kunne yake aikinsa. Shekara ashirin da biyar ya yi a wani ɗan shago mai benci ɗaya da fitila mai lanƙwasasshen wuya. In ka kawo masa kwamfuta, ba ya barin ka fara bayani. Sai ya ɗaga maka hannu, ya kunna ta, ya ɗora bakin sukudireba a jikinta, ya kara mariƙin a kunne, ya lumshe ido. Abokan sana'arsa suka sa masa suna Likita. Da tsokana aka fara, har sunan ya bi shi gida.

Ni ce 'yarsa tilo, don haka ni na sha karatun. Gurnani, in ji shi, fanka ce ta sha ƙura, a share ta. Tsuwa siririya irin ta sauro, wuta ce ba ta shiga daidai. Karkarwa kuwa, wani abu ne ya kwance. "Duk waɗannan surutu ne kawai," haka yake cewa. "Amma in kika ji ƙas, ƙas, ƙas, a jere kamar agogo, faifan ajiya ne yake bankwana. Kar ki ce sai gobe. Kwashe abin da ke ciki, ki kashe ta." Wallahi na ji wannan magana ta fi sau dubu.

Yana da wata ɗabi'a da ke tayar wa Umma da hankali. In ya gamu da ƙarar da bai taɓa ji ba, sai ya kinkimo kwamfutar zuwa gida, ya baje ta a teburin cin abinci, ya naɗi ƙarar da 'yar rikodarsa. Ana cikin naɗin sai Umma ta ƙwalo kira daga kicin: "Likita! Ka kwashe mini gawawwakin nan daga kan tebur, abinci zai huce!" Sai ya ja tsaki ya sake daga farko. Amma bai taɓa goge ko ɗaya daga cikin naɗin da ta ɓata masa ba. Ya buɗe musu jakar fayil ta daban a tsohuwar kwamfutarmu ta gida, ya sa mata suna "Waɗanda ta ɓata".

Umma ba ta yarda a ɗauke ta hoto, balle a naɗi muryarta. Da ta rasu shekara uku da suka wuce, muka duba ko'ina, babu muryarta sai a wannan jakar. Faɗa ne, da kira, da wata dariya guda ɗaya a bayan ƙugin fanka. Tun daga nan kullum da safe Baba sai ya kunna mana ɗaya ko biyu muna shan shayi.

Kunnensa kuwa ya daɗe da fara tafiya. Na sani. Ya rufe shago ya ce ciwon baya ne, na ce masa Allah ya sawwaƙe. In na yi masa tambaya ya amsa wata daban, sai in bi tasa. Ta yaya zan dubi mutumin da aka san shi da kunne in ce masa kunnen ya mutu? Na ɗauka tausayi nake yi.

Wata safiya, a ƙarƙashin muryar Umma, na ji shi. Ƙas, ƙas, ƙas. Na dubi Baba, yana hura shayinsa hankali kwance. Bai ji komai ba.

Abin da ya kamata in yi ai a bayyane yake, shi da kansa ya koya mini. Amma in na faɗa masa, na gaya masa ke nan cewa Likita na zaune kamu ɗaya da faifai mai mutuwa bai sani ba. Sai na yi dabarar banza. Na sayo filashi, ɗan abin adana fayil, na ɓoye a jakata ta hannu, ina jiran ranar da zai je asibiti in kwafe komai a ɓoye, domin ba ya barin kowa ya taɓa masa kwamfutar nan, kuma ba ya fita. Shi ma dai, haba Baba! Mutumin da ya cika wa duniya kunne da a kwafe, a kwafe, ashe nasa bai taɓa kwafewa ba.

Saura kwana biyu ya je asibiti, ya danna kwamfutar da safe, allon ya tsaya baƙi. Ya ɗauko sukudireba ya ɗora a jikinta, ya kara a kunne. Bai ji komai ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya ciji mariƙin da haƙora. Ta nan ƙas ɗin ya isa gare shi. Ina kallo fuskarsa ta sauya.

"Tun yaushe take yi?" ya tambaye ni.

Na sunkuyar da kai na amsa.

"Ɗago ki kalle ni, in ga bakinki."

"Kwana goma sha tara, Baba."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya kwance faifan ya naɗe shi a hankici, muka kai wa wani tsohon abokin sana'arsa. Mutumin ya yi kwana huɗu a kansa, ya dawo mana da shi yana ba Baba haƙuri. Ko fayil ɗaya bai fita ba.

Ranar na durƙusa gabansa ina kuka kamar raina zai fita. "Baba ka yafe mini. Na raba ka da muryarta."

Ya tsura wa bakina ido har na gama, sannan ya girgiza kai.

"Ni? Ni ai shekara biyu ke nan rabona da jin ta. Fuskarki nake kallo. In kika yi murmushi, sai in san ta iso wurin gawawwaki." Ya ajiye hankicin a kan tebur. "Domin ke nake kunnawa, 'yata."

Filashin yana nan a jakata, ko ledarsa ban ɓare ba.