Ƙarfe Mafi Ƙanƙanta

A rumfar gwanjo, inda na zo neman ƙarfen motsa jiki mai araha, ga wani dattijo siriri, agogo na yawo a tsintsiyar hannunsa. Yana ɗaga ƙarfe mafi ƙanƙanta, yana satar kallonmu ni da mai rumfar. Na ce a raina, tsufa yake gudu.

"Baba, dambe za a shiga?" in ji mai rumfar. Na tuntsure da dariya.

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"A'a, ɗana. Mai ɗakina ce ke jinya. Jiya ta faɗi a banɗaki, na kasa ɗaga ta, sai da na kira maƙwabci."

Ga shi can yana gwada wanda ya fi nauyi. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.