Ƙofar da Ta Fi Sauran Haske

Cikin ranakun aikina a Riyad akwai wata Lahadi da ta ƙi barin kaina, kuma ku da kuka zo bayanmu gara ku ji ta daga bakina kafin wani ya ƙara mata gishiri. Ita ce ranar da na gano na shafe wata guda ina rubuta rahoton laifi a kan aikin da aka yi daidai tun kafin a haife ni.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wani ƙaramin kamfani a unguwar Malaz, hawa na biyu, saman wani shagon labule. Aikinmu mu karɓi tsofaffin kaset-kaset na talabijin mu juye su cikin kwamfuta kafin su lalace. Tsarin ba shi da wuya. Akwai mai ɗora kaset, shi ke goge na'ura, ya sa kaset, ya zauna a gabansa har ya ƙare, domin kaset ɗin minti ashirin sai ya ci minti ashirin ɗinsa cif. Sai ni, injiniyan duba inganci. Duk abin da aka juye yana bi ta wata manhaja mai farautar aibi: inda hoto ya daskare, inda kala ta sauya, inda wani wuri ya maimaitu. Ni kuma in duba jerin da ta fitar, in rubuta rahoto, in manna sitika, kore in lafiya, ja in da matsala. A samanmu akwai mudir, wato manaja, Abu Fahad, mutumin kirki wanda ya fi yarda da takarda a kan idonsa.

Mai ɗora mana kaset shi ne Malam Idi, mutumin Sakkwato, ya ba ni kusan shekara ashirin. Ya yi aiki a wani gidan talabijin na jiha a gida kafin ya zo nan da bizar direba, daga baya aka mayar da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, hannun kamfaninmu. A unguwar Gubaira yake zaune, ɗaki ɗaya su uku. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya karanta rahotannina, saboda da Turanci nake rubuta su kuma ba wanda ya taɓa miƙa masa.

Sai wani abokin ciniki ya kawo mana kwalaye na tsofaffin katun, irin na farkon zamanin talabijin, masu zuwa kashi-kashi, waɗanda aka ɗora wa murya da Larabci aka riƙa nuna wa yara bayan la'asar. A nan dole in faɗi gaskiya a kaina. Ni ban kalli katun ina yaro ba. Babu talabijin a gidanmu, babu a maƙwabta, na fara ganinta sosai ne a sakandare, kuma labarai da ƙwallo ake kunna mana. Na san ciki da wajen na'urar da ke nuna katun, shi katun ɗin ne ban sani ba.

Kaset na farko manhaja ta fitar da aibi shafi uku. Na buɗe wuraren da ta nuna, ban kunna sauti ba tunda aibin hoto nake nema. Ga wani bunsuru mai kwala a wuya ya tsaya ƙiƙam, daƙiƙa huɗu ko gezau. Ga wani kuku mai tumbi yana bin sa da gudu, sun wuce taga ɗaya da fitila ɗaya har sau shida. Ga ƙofofi uku a jere, ɗaya kalarta ta fi sauran haske. Na manna ja. Na biyu ma ja. Har sai da na aika a sayo mini wani ƙunshin jar sitikar.

A ƙasan fom ɗin rahoto akwai gurbin da aka rubuta musabbabi. Ban san musabbabi ba, amma injiniya ba ya son barin gurbi fanko. Na rubuta cewa da alama daga wajen ɗora kaset ne. Na rubuta haka sau ɗaya, sauran kuma na riƙa kwafa.

Wata Alhamis mudir ya kira ni ofis. Ya ce abokin ciniki ya ga rahotannin, ransa ya ɓaci, yana cewa an lalata masa kaya. Kwantiragin Idi yana ƙarewa a watan nan, ba za a sabunta ba, za a yi masa huruj niha'i, wato fita ba dawowa. Ranar Lahadi bayan azahar zai sa hannu a takardar. Ya ce, yana kira na injiniya da Larabci, "Rahotonka a fili yake, ya muhandis. Allah ya ba ka lafiya." Na ce amin, na fito. Ban ji daɗi ba, amma ban ji na yi laifi ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu.

Lahadi da safe Malam Idi ya ƙwanƙwasa ƙofata, abin da bai saba ba. Muka gaisa, ya ƙi zama.

"Injiniya, an faɗa mini na ɓata kaset. Ban zo roƙo ba. So nake in ga ɓarnar da idona, don in an tambaye ni a gida in san abin da zan ce."

Na buɗe masa bunsurun. Na ce, "Ga shi nan, Malam. Daƙiƙa huɗu a daskare."

Ya sunkuyo ya ƙura wa allon ido. "Kunna sauti." Na kunna. "To dubi bakinsa."

Bakin yana motsi. Jiki a sandare, ƙafa a sandare, amma ɗan bakin nan yana buɗewa yana rufewa, bunsuru yana zuba Larabci tiryan-tiryan. Manhaja ba ta kula da ɗan wurin ba, ni ma da aka ɗauka don in kula ban kula ba.

Sai a lokacin ya ja kujera. Ya ce shekara da shekaru shi ke sa wa yara irin waɗannan a tasharsu, tun suna zuwa a faifan fim, in ya tsinke ya ɗaga shi ga haske ya liƙe, don haka ya san su hoto bayan hoto. Katun ɗin silima, in ji shi, zane ake yi masa birjik, a ɗauki watanni. Da talabijin ta zo tana neman sabon kashi kowane mako, sai masu zanen suka koyi tsimi. A zana jiki sau ɗaya a kan wata roba da ake ganin abu ta cikinta, a zana kai a wata, baki a wata, a jera su, a riƙa sauya na bakin kawai. "Kwalar nan da ka gani ba gayu ba ne. Mahaɗar kai da jiki take ɓoyewa." Bangon da ake gudu a gabansa kuwa guntu ne, in ya ƙare a sake jawo shi. Ƙofa mai haske ita ce wadda za ta buɗe, domin ita a kan roba aka zana ta daban, sauran kuwa fenti ne a jikin bango.

Na ce, "Malam, me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

"Wa ya tambaye ni? Ni ina ganin jar sitika, na ɗauka alamar na yara ce."

Saura kamar awa biyu a kira azahar. Na hau wurin mudir, kuma ba zan ɓoye muku ba, a kan matakala sai da na tsara yadda zan ɗora wa manhaja laifin duka. Da na shiga sai na ji bakina ya ce rahoton nawa ne kuma kuskure ne. Ya ce manhajar mai tsada ce, ba ta kuskure. Na ce ita ba ta yi ba, ni na yi. Da ƙyar ya yarda ya sauko ɗakin kaset, yana duba agogo.

Malam Idi ya sa kaset. Waƙar buɗewa na tashi sai na ga leɓen mudir yana bin ta a hankali, mutum mai furfura a gemu. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira. Minti uku ya kalla, sai ya girgiza kai.

"La, la. Na san wannan, kullum nake kallon sa a gidan kakata. Wallahi ba haka yake ba. Wanda na kalla gudu suke yi sosai, komai yana motsi. Wannan ya lalace."

Da takarda ce ta yi mana shaidar zur da na san yadda zan gyara ta, amma ban san yadda ake gardama da yarintar mutum ba.

Malam Idi ya bari kaset ya ci gaba har kuku ya shigo wani dogon zaure mai ƙofofi uku yana neman bunsuru, sai ya danna tsayawa. Da Larabcinsa na direbobi ya ce, "Ya mudir, ta wace ƙofa bunsuru zai fito?"

"Ta tsakiya mana," in ji mudir, ko tunani bai yi ba.

"Ka tuna wannan kashin ne?"

"A'a. Ai ita ce mai haske. Kowane yaro ya san mai hasken ita ke..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da yatsarsa a miƙe wajen allon. Abin da na rubuta a matsayin sauyin kala a kaset sama da ashirin, shi ne abin da shi da 'yan uwansa suke rige-rigen nunawa a gidan kakarsu. Malam Idi ya saki kaset, ƙofar tsakiya ta buɗe, bunsuru ya leƙo.

Mudir ya ce, "Halas," wato shi ke nan da Larabcinsu. Ya juyo gare ni ya ce in sake duk rahotannin, in kuma kira abokin ciniki da kaina in yi masa bayani. Ga Malam Idi kuwa ya ce gobe ya kawo fasfo a sabunta masa iƙama. Sannan ya ja kujera ya ce a bar kashin ya ƙare tukuna.

Da aka tashi aiki na ce zan sauke Malam Idi a Gubaira. Muna hanya na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Da muka isa ya ce in shigo in sha ruwa. A bayan ƙofar ɗakin na ga akwati biyu a ɗaure da igiya, an rubuta sunansa da Sakkwato a jiki. Tun daren Alhamis ya haɗa su. Ya ce bai gaya wa iyalinsa ba, yana ta neman yadda zai ce musu an kore shi a kan aikin da ya fi iyawa a duniya.

Abin da na ɗauka daga ranar ke nan, kuma shi nake so ku ɗauka. A sana'ar nan na'ura za ta nuna muku inda abu ya bambanta, ba za ta gaya muku ko laifi ne ba, kuma gurbin musabbabi in ba ku sani ba ku rubuta ba ku sani ba. Layi ɗaya na rubuta don kada fom ya zauna fanko. Igiyar akwatunan nan kuwa Malam Idi ya ɗaure ta tamau, sai da muka nemo wuƙa.