Mai tsanin da ya mayar wa tsuntsaye duhunsu

Da safe, kafin masu shago su ɗaga ƙofa, Baba Mai Tsani ya riga ya ɗaure tsaninsa a motar aiki, jakarsa cike da ƙwayayen fitila, filaya da almakashin yanka kwano. Aikinsa gyaran fitilun titi. A watan nan zai yi ritaya, gwiwa ta ce ta gaji.

Wata safiya ta tsakiyar sanyi, shekaru da dama baya, ya je canza ƙwan fitila a layin asibiti, sai ya tarar da 'ya'yan tsuntsu a gindin sandar fitila, tsirara, sun sandare. Sheƙarsu na kan reshen da ke dab da fitilar. Ya duba bishiyoyin da ke nesa da haske, babu sheƙa ko ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai, har abincin rana ya gagare shi.

Ya kai maganar gida wurin 'yarsa, wadda ta karanci ilimin dabbobi.

"Baba, ai tsuntsayen nan da tsawon yini suke gane lokaci," in ji ta. "Idan yini ya fara tsawo, haske kan taɓa ƙwaƙwalwarsu, ta saki sinadaran haihuwa. Namiji ya kama waƙa, mace ta shirya ƙwai. Fitilarku ta sa sun ɗauka yini ya yi tsawo, suka ƙyanƙyashe tun tsutsar da za su ciyar da 'ya'yan ba ta fito ba."

Sai ya ce, "Wato ni na yi musu ƙarya ke nan."

Kashe fitila ba zai yiwu ba, masu jinya na bin layin. Sai ya yanka kwano, ya lanƙwasa shi kamar malafa, ya ɗora wa fitilar. Haske ya zubo ƙasa inda ƙafa ke bukatarsa, rassa suka koma duhu. Ogansu na wurin aiki ya zo ya duba, ya ga titi ya ma fi haske, ya ce ba ruwansa. Tun daga nan duk fitilar da ke kusa da bishiya sai ta sami malafa, layi bayan layi.

Ya sha tsiya kuwa! Direban motarsu, sa'ansa ne, kullum sai ya ce, "Malam, tsuntsayen nan surukanka ne? Ko gaisuwa ba sa yi maka." Shi dai sai ya yi dariya ya ci gaba da yanka.

Baba, kai ne ka ga gawar da kowa ke tsallakewa ka tsaya. Kai ne ka yarda laifin na fitilarka ne, ba ka tura wa iska ba. Wallahi ka burge mu.

Bana fitila ɗaya ta rage, ta bakin makarantar yara, ga sanyi ya kawo kai. Likita ya hana shi hawa. Uwargida ta rantse in ya hau, to ya nemi mai shafa masa man zafi. Ya tsaya a gindin sandar da kwano a hannu, ido ya cika. Sai direban nan ya fito daga mota, da tumbinsa da komai, ya karɓe kwanon.

"Riƙe min tsani da kyau, kada ka sa matata takaba saboda surukanka."

Mun gode, Baba. Ku kuma masu sa fitila a ƙofar gida da shago, ku karkata ta ƙasa, ba wuya. Da ɗumi ya shigo, na tambayi matar da ke sharar layin makarantar ko ta ga wani abu bana. Ta ce ba ta share ɗan tsuntsu ko ɗaya ba, sai dai kashi da tsuntsaye suka addabe ta da shi daga sama, har ta fara jin haushin Baba.