Wayar da Take Ƙara Kumatu

Saurayin dogo ne siriri, ƙurar siminti ta yi masa fari a gira, wuyansa na yawo cikin riga. Tun ɗazu yake tsaye a butik ɗin Tasi'u mai sayar da wayoyi da ke unguwar Sersouf, yana ɗaukar wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ba ruwansa da ƙarfin batir ko faɗin gilashi. Kyamarar gaba kawai yake buɗewa, ya dubi fuskarsa, ya karkata hagu da dama, ya ajiye.

Tasi'u na kallon sa daga bayan kanta, yana raya wa ransa wata budurwa ce aka baro can gida Tasawa.

"Ɗan'uwa, wace iri kake nema?"

"Wadda take ƙara kumatu, Alhaji. Duk Juma'a in muka yi bidiyo, Inna sai ta ce na rame, in tattaro in dawo gida."

Tasi'u ya danne dariya, ya kama hannunsa ya sauke wayar ƙasa da haɓarsa.

"Sayi mai riƙe caji. Kumatu kuwa kyauta ne, in ka sunkuyo daga nan."

Saurayin ya sunkuyo. Haɓa ta ninku, fuska ta cika gilashi. Ya daɗe yana murmushi kafin ya ɗaga wayar sama kaɗan.

"Wannan ƙibar ta yi yawa, Alhaji. Sai ta ce na yi aure ban faɗa mata ba."