Ranar da Na Kai Wayoyin Unguwarmu Garki

Ku matso ku ji, 'yan'uwa. Ni da ko kasuwar Dutse sai an ja ni, sai ga ni a Garki.

Hauwa 'yata ce ta jawo. Ita ke ɗora bidiyo a shafin intanet na ofishinsu, ta ɗauke ni ina koya wa masu yaye damun kunun gyaɗa. Bidiyon ya ƙi buɗewa a wayar ogansu, ya ce a sauke aikin gaba ɗaya. Ta kira ni: "Inna, matsalar fomat ce. Aro mini wayoyin maƙwabta ki kawo." Fomat ɗin da na sani shi ne wanda mai gyaran waya ke yi, ya share komai.

Dutse Alhaji

Bayan sallar asuba na jera wayoyin a kular abinci. Maman Joy, maƙwabciyata, ta miƙo tata tana cewa, "Hajiya, hoton yarana yana ciki o!" A hanya ɗan sanda ya tsayar da motarmu, ya buɗe kular, ya dube ni.

"Mama, wannan wace irin miya ce?"

Na ce, "Ɗana, shaidu ne, ofis za su." Har direba sai da ya yi dariya.

Jabi

Nan Hauwa ta tare ni da ƙosai mai zafi. Na rungume kula na ce ba a share wayar kowa. Ta yi dariya har da ƙwalla.

"Inna, ba wannan ba! Wannan kamar kwanon da ake zuba bidiyo ne. Akwai kwanon kowa da kowa, akwai wanda sai da izinin masu shi. Na kowa na zaɓa. Wasu manyan kamfanoni kuwa sun hana manhajarsu ta shiga intanet karɓarsa."

Sai a lokacin na saki kular na ci ƙosan.

Garki

Ta baje wayoyin a teburin oga, wata da fasasshen gilashi, wata ɗaure da roba. Ta bi su tana dannawa. Sai muryata ta cika ofis ta ko'ina: "A juya da sauri kar ya yi gudaji!" Ta oga kaɗai ta yi shiru.

Ya ce, "To, ni kaɗai ba zan sha kunun ba?"

Hauwa ta ce, "Ranka ya daɗe, masu manhajar ne suka ƙi. Zan yi wa irin taka kwafi daban, amma na kowa ya zauna. Masu yaye irin waɗannan wayoyin suke riƙewa." Ya dubi wayar nan mai roba, sannan ya ce a bar bidiyon. Wallahi ji na yi kujerar ta yi mini kaɗan.

Gida

Kafin la'asar na dawo, alhamdu lillahi. Maman Joy ta duba hotunanta, suna nan, sannan ta tara matan unguwa a ƙofa ana kallona a bidiyon. Na gode wa duk wadda ta ba ni amanar wayarta.

Ku fa, kun gwada taku? Ta buɗe, ko irin ta oga ce?